Garken da Muka Ba Teku Aro

Ni dai har yau ban ga abin da kifi ya fi nono da shi ba. In na faɗi haka a kasuwar Lafia, matan Alago masu sayar da banda sai su kwashe da dariya, wai Zuwairatu baƙin ciki take yi da cinikinsu. To, su yi ta yi. Ni na san inda shanunmu suka shiga, su ba su sani ba.

Sunan mijina ba ya fita daga bakina, haka aka rene mu. 'Yan kasuwar shanu Ɗanliti suke ce masa, ni kuma Malam. Rugarmu tana bayan Adogi, tun zamanin mahaifinsa aka daina yawo aka zauna a nan. Garken da ya gada farfaru ne masu dogon ƙaho, kuma kowace saniya ka nuna masa zai gaya maka uwarta da uwar uwarta, har ya kai ka ga waɗanda kakansa ya koro daga arewa. Shanun nasa ne, nonon nawa. Abin da aka tatsa na mace ne, ta kai kasuwa, ta yi cefane, ba mai tambayarta. Ban taɓa roƙon Allah dukiya ba. Roƙona ɗaya ne, kada garken nan ya ƙare a hannunmu.

Sai dai daji ya matse. Kowace shekara gonakin doya suna ƙara cin burtali, har ta kai in za a kai shanu rafi sai an bi da su ɗaya bayan ɗaya, kana riƙe da sanda kana riƙe da numfashi. Saniya ta saka baki a kunyar wani, shi ke nan, an wuni a gaban mai unguwa. Malam mutum ne da ba ya son hayaniya. In aka yi masa ihu a kan gona, sai ya dawo gida ya ƙi cin tuwo.

A daminar 1996 wani dillali ya ɗauke shi rakiyar shanu a mota zuwa Legas. Da aka sauke kaya, sai abokan tafiya suka ce a je a ga teku, can gaba da Badagiri. Da ma ban bar shi ya hau motar nan ba! Ya dawo idonsa yana ƙyalli kamar wanda ya yi sabon aure.

"Uwar Jafaru," ya ce, tun bai cire takalmi ba, "na ga wurin kiwon da ba ya fari."

"A ina?"

"Ruwa ne, ba ki ganin ƙarshensa. Ba gonar kowa a ciki, ba shinge, ba mai bin ka da adda. Kuma da gishirinsa! Mu sai mun je har Keana mu sayo wa shanu gishiri, can Allah ya riga ya zuba."

Na ce, "To, ka kora su can su sha mana."

Bai ma ji ba'ar ba. Ya zauna yana ba ni labarin wani ƙaramin kifi mai suna sawa, wai a tsakiyar damina yake zuwa garke-garke, ruwa ya yi baƙi da shi. Ya ga kwalekwale suna dawowa sun nutse har baki, mata suna kwasa da daro har su gaji su bar wa tsuntsaye saura. Sannan ya gaya mini abin da ya so ya ɓoye. Ya matsa bakin ruwa zai yi alwala, igiyar ruwa ta kwashe masa ƙafafu, ta tafi da sandarsa da malfarsa, ta kusa haɗawa da shi. Wani masunci ne ya cafko shi ta wuyan riga. Sunansa Norbert, mutumin Togo, yana jin Hausa irin ta zango. A ɗakinsa Malam ya kwana biyu yana aman ruwan gishiri. Norbert kuwa ba shi da kwalekwale, a na wani yake aiki.

Daga nan na san akwai magana. Muna da wata al'ada, habbanaye muke ce mata. In ka ga mutumin kirki ba shi da komai, sai ka ɗaura masa karsana, ta zauna a wurinsa har ta haihu sau uku. 'Ya'yan nasa ne, uwar kuma ya dawo maka da ita. A tsakani ba ka zuwa duba ta, ba ka tambayar lafiyarta, yin haka abin kunya ne. Kuma mai bayarwa ba ya asara, domin saniyar da ta yi haihuwa uku a lokacin take kan ganiyarta, nono ya zauna, jiki ya buɗe, sauran haihuwar duk naka ne.

Malam ya ware kashi ɗaya cikin uku na garken ya kai kasuwa. Ya koma bakin teku ya sayi kwalekwale da inji da taru, ya danƙa wa Norbert. Bawan Allah ya ce a yi yadda masunta suke yi, tun daga kamun farko a raba, kason jirgi, kason inji, kason ma'aikata. Malam ya ji kamar an zage shi.

"Ni ba ciniki na zo yi da kai ba," ya ce masa. "Damina uku naka ne. Daga ta huɗu sai mu yi maganar rabo."

Da ya dawo ya faɗa mini haka, na ajiye ludayi na dube shi. "Malam, kwalekwale saniya ne?"

"Abin da yake haihuwa duk saniya ne. Ki bari ki gani. Abin da na fitar daga garken nan, ninkinsa zai dawo."

Daminar nan uku kuwa teku ya yi haihuwa, ba laifi. Ba mu tambaya ba, amma labari yana zuwa da direbobin shanu. Norbert ya yi rufin kwano, ya saka yaransa a makaranta. Kowace kaka sai ya aiko mana da kwandunan banda, kyauta. Wayyo ni! Ban taso ina cin kifi ba, kuma nono ba ya shiri da ƙarni. Sai da na sa aka yi wa kwandunan rumfa can bayan garke, duk da haka wata Bayarabiya ta shinshina ƙwaryata a kasuwa ta ce yau nonon da miya aka haɗa shi. Na rarraba kifin ga maƙwabtanmu Tibi da Eggon, suna ta sa mini albarka, ni kuwa ina ta wanke faifai.

A shekara ta 2000, bayan an cire doya, sai ga Norbert da kansa a rugarmu. Gajere ne, kafaɗa kamar turmi, hannunsa duk kanta. Ya zo dawo da saniya, in ji shi, yana dariya, domin Malam ya koya masa maganar. Amma dariyar ba ta kai ido ba. Bayan ya ci tuwo, sai ya ce in kawo masa moɗa ɗaya daga randa. Na zaci sha zai yi. Sai ya kama hannun Malam ya tsiyaya masa a wuyan hannu.

"Ka ji wannan? A da, haka teku yake a watan bakwai. In ka jawo taru da safe, yatsu har ciwo suke." Ya miƙe ya je wurin bokitin da na bari a rana don wanke-wanke, ya tsoma hannu. "Yanzu yana komawa wajen wannan."

Malam ya ce, "Alhamdu lillahi. Ɗumi ai lafiya ne. Sanyi ne yake kashe mana maruƙa."

"Kifi ba maraƙi ba ne, Malam. Sanyin nan daga ƙasan teku yake tasowa, shi yake ɗago abincinsu. In ya zo, ruwa ya yi kore, ya yi kauri, sawa ya biyo shi. Ita ce ciyawarmu. Lokacin babana sanyi yana zama wata uku cur. Ina yaro ya fara makara. Yanzu wata shekara sai ya leƙo kawai ya koma. Shekarun da ka ba ni ma, sai mun yi nisa muke cika jirgi, bana kuwa ko rabi ba mu yi ba." Sannan ya ce, "Ka sayar da injin tun yana da daraja. Ka mayar da shanunka."

Ina bakin ɗaki ina jin su, zuciyata tana cewa Allah ya yi maka albarka, ɗan Togo. Malam kuwa ya gyara zama, ya yi irin murmushin da yake yi wa yaron da ya zo da kuka wai saniya ta ɓata.

"Kai ba makiyayi ba ne, shi ya sa. Mu in ciyawa ta ƙare a nan, ba ma sayar da garke. Mun san tana wani wuri. Sai mu ɗaure kaya mu bi ta, ko Binuwai ne mu ƙetare. Me zai kai ka inda sanyin yake?"

"Babban inji. Da mai da yawa. Amma Malam..."

"Za ka samu."

Na fito ban ko yafa gyale ba. Ban taɓa sa baki a maganar maza gaban baƙo ba sai ran nan. Na ce, "Mai ruwan ya ce ruwa ya lalace, kai da ka kusa mutuwa wurin alwala ka fi shi sani?" Norbert ya sunkuyar da kai. Malam bai ɗaga murya ba, ya ce in koma ciki. Da ya ɗaga muryar ma da ya fi mini, domin na san in ya yi sanyi haka ya riga ya gama shawara.

Kada ku ce mijina wawa ne, ba zan yarda ba. A kan ciyawa bai taɓa kuskure ba. Ya san fari iri-iri, ya ga shekarar da shanu suka ci bawon itace, kuma ko yaushe ruwan sama yana dawowa, ƙasa ta yi kore kamar ba a yi ba. Duk abin da ya sani a duniya ya gaya masa cewa haƙuri ake yi a ƙara gaba. Ba wanda ya taɓa nuna masa wurin kiwon da yake lalacewa a hankali, ya ƙi dawowa.

Aka sayi babban inji. Shekarar da ta biyo baya aka ɗan samu, har Malam ya sayo 'yan karsana biyu ya zo yana kallona ta gefen ido. Ta gaba ba a samu ba, karsanun suka koma inda suka fito, suka ja wasu. Haka abin ya riƙa tafiya. Shekara ɗaya mai dama-dama ta isa ta sa shi ya manta da biyu marasa kyau. Taru ya yage, a kama bijimi. Mai ya yi tsada, a kama saniya mai ciki. Norbert ya aiko direba ya ce don Allah a daina, Malam ya aika masa cewa namiji ba ya juyawa a tsakiyar rafi. Shi kuma Norbert, mutumin da aka ba damina uku kyauta, da wane baki zai ƙi fita? Kunya ta ɗaure wannan, kunya ta ɗaure wancan, shanu suna ta hawa mota.

Ni a ƙwarya nake ganin abin. A da nakan jera su a kai har sai an taya ni ɗauka, aka dawo biyu, aka dawo ɗaya. Ranar da na fara shiga shagon wani Inyamuri na sayi madarar gari don in dama in kwantar in ce nono ne, sai da na zagaya ta bayan tasha kada matan rugarmu su gan ni. Ashe su ma wasunsu suna yi, amma su ƙari suke yi, ni kuwa ita ce duka. Jafaru, ɗana na biyu, wanda ya taso da sanda a kafaɗa, ya ga ba abin da zai kora, ya tafi Akurba, kusa da Lafia, ya kama haya ya zama ɗan acaɓa.

Akwai saniya ɗaya da ban bari an taɓa ba. Raneye, jikar saniyar sadakina ce, tawa ce halak malak. Sau ɗaya Malam ya tsaya kusa da ita tare da dillali. Na je na zauna a kan turkenta ina tsefe kai. Suka gama kewaye-kewayensu suka tafi.

A 2007 na ce sai na ga abin da ya cinye mu da idona. Muka hau mota a watan takwas, lokacin da ya kamata a ce kifi ya yi yawa. Zan faɗi gaskiya, tekun nan yana da kyau. Shuɗi ne tas, garau, rana tana wasa a kai. Na ce wa matar Norbert ai ruwan nasu tsaf yake. Ta ce, "Mama, wannan kyan shi ne yunwar. Ruwan da yake da abinci ba ya kyau haka." Na tattare zane na tsoma ƙafa. Ɗumi na ji, irin na ruwan wankan jariri.

Da hantsi kwalekwalenmu ya dawo, tun jiya suke ciki. Maza takwas suka jawo shi kan yashi. Abin da suka sauke daro biyu ne, kifin ma ƙanana, haɗe da ledoji. Matan da suka zo da manyan daruka suka tsaya suna kallon juna. Norbert ya ce ga zafin ruwa, ga kuma manyan jirage da suke share ɗan abin da ya rage. Ya ce wasu malaman jami'a sukan zo su zura wani ƙarfe da igiya su auna, kuma sun gaya masa ɗumin ba na bana ba ne, ba na bara ba, tun kafin a haife shi yake hawa kaɗan-kaɗan, kuma ba a nan kaɗai ba.

Malam ya ce, "To wa yake hura wutar?"

"Sun ce hayaƙin duniya ne. Motoci, masana'antu, ƙasashen da ni da kai ba za mu taɓa gani ba."

"Yaushe zai huce?"

Norbert ya ce ya yi musu wannan tambayar, ba su ba shi rana ba.

Malam ya tafi bakin ruwa shi kaɗai, ya tsuguna nesa da inda igiya take kaiwa. Ya daɗe yana kallo, irin kallon da yake yi wa fadama kafin ya ce a sauke kaya ko a wuce. Da ya dawo fuskarsa ta zube. Ya ce da ni da Fulatanci, don kada su ji, "Babu gaba. Duk inda za a je, nan ne." Na shirya maganganu tun daga Lafia, cike da baki, na shekara goma. Ko ɗaya ban iya faɗa ba, tausayinsa ya kama ni har na ji haushin kaina.

Damina ukun da ya bayar kyauta, ashe su ne na ƙarshe masu albarka. Shi yana jiran saniya ta dawo kan ganiyarta, ashe tsohuwa ya saya. Injin kuma gishiri ya riga ya ci cikinsa, abin da aka samu a kansa tumaki uku ya saya. Norbert ya koma Togo da iyalinsa. Wajen sallama ya riƙe hannun Malam yana kuka kamar yaro, Malam yana ce masa ba komai, ba komai, ai ka riƙe amana. Ya riƙe kuwa. Da ya ci amanar ma da na sami wanda zan tsine wa.

A 2010 Rumaisa matar Jafaru ta haifi namiji, aka ce a ruga za a yi suna. A wurinmu ranar suna kakan yaro yakan shiga garke ya kamo karsana, a kawo ta gaban jama'a a ce wannan ta yaro ce. Ta girma tare da shi, 'ya'yanta su zama garkensa, da su zai yi aure. Dangi suka zo daga Keana da Doma, har da Yaya Hizbullahi, wan Malam, tsoho mai shanu da yawa da magana kaɗan.

Da safe ina wanke ƙore a bayan ɗaki, sai na ga inuwar Malam a kaina. Ya sa farar rigarsa ta Salla. Ya tsaya, ya gyara hula, ya tambaye ni ko an kai wa baƙi ruwa. Na ce an kai. Ya tambaya ko goro ya isa. Na ce ya isa. Bai tafi ba. Shekara talatin muna tare, mutumin nan bai taɓa roƙona ko allura ba, kuma na ga yana neman yadda zai fara. Ban iya barinsa ya faɗa ba. Na ɗauraye hannu, na je na kwance Raneye, na sa masa igiyar a tafi.

Ta tsufa. Ƙashin bayanta ya fito, nonon ya tsotse, rabonta da haihuwa an kwana biyu. Ita kaɗai ce a garken, ba wata.

Ya jawo ta a hankali har gaban tabarmin maza. Liman ya riga ya raɗa suna, Ibrahima. Jafaru yana tsaye riƙe da jaririn cikin zane. Malam ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Ga ta Ibrahima."

Duk wanda yake zaune a nan makiyayi ne, kallo ɗaya ya ishe shi. Yaya Hizbullahi ya tashi da sandarsa, ya zagaya ta yadda aka saba, ya shafa wuyanta. Hannunsa ya tafi bakinta da kansa, zai buɗe ya duba haƙora, abin da ya yi wa kowace saniya tun yana yaro. Har ya kama leɓen. Sai ya dubi ƙaninsa, ya saki, ya mayar da hannun cikin aljihu.

"Allah ya sa albarka," ya ce. "Allah ya yawaita ta."

Maza suka amsa da amin, kowa yana kallon tabarma. Jafaru ya matso da yaron, ya kamo ɗan hannunsa ya ɗora a goshin saniyar, ita kuma ta tsaya shiru tana tuƙa. Ni ina bakin ɗaki, mata suna guɗa a bayana.